A Kan Me Tabbacinmu Ya Tsaya? Tashin Almasihu da Farin Cikin da Ba Ya Ƙarewa



Duk wanda ya saba zuwa jana'izar masu bi, a Wusasa ne ko Kagoro ko Garkida, ya san yadda take kasancewa. Ana hawaye ana waƙa, matan zumunta na riƙe da gwauruwar, fasto kuma ya tsaya a bakin kabari ya faɗa wa jama'a, ba tare da kwana-kwana ba, cewa wannan da ake rufewa zai tashi zuwa farin cikin da ba shi da iyaka. Magana ce mai nauyi ƙwarai, kuma ya kamata a tambaye mu dalilin da ya sa muke faɗinta da gaba gaɗi. Amsar da wannan takarda take karewa ita ce: tabbacin Kirista ya tsaya ne a kan wani abu da ya faru a Urushalima a zamanin da Bilatus yake gwamnan Yahudiya, tsakanin shekara ta 26 da ta 36. Ƙarfin zuciyar mai bi da yawan aikinsa ba su ne suke riƙe da shi ba. In har abin ya faru, tabbacin yana nan daram ko da mai bin yana rawar jiki a gadon mutuwa. In kuwa bai faru ba, daɗin waƙa da yawan taro ba za su tsayar da shi ba.

Manzo Bulus ne ya ɗaure zancen haka tun farko. A sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, wadda ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 55, ya ɗora bangaskiyar gaba ɗaya a kan tashin Yesu, ya kuma yarda a fili cewa in tashin ƙarya ne, wa'azinsa da bangaskiyarsu duk sun tashi a banza. Mai neman ruɗin mutane ba ya nuna musu inda za su kama shi. Bulus kuwa ya lissafa shaidu: Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 waɗanda ya ce yawancinsu suna da rai a lokacin, da Yakubu, sannan shi kansa. Ya ce karɓar labarin ya yi daga waɗanda suka riga shi, wato labarin ya girmi wasiƙar, ita kuma wasiƙar ba ta wuce shekara 25 da gicciyen ba. Mutanen da aka ambata suna nan, ana iya zuwa a tambaye su.

Mai shakka zai ce almajiran ne suka shirya labarin don su rufe kunyar da mutuwar malaminsu ta jawo musu. Ƙorafi ne da ya cancanci amsa mai hankali. A duba waɗanda Linjila huɗun suka ce su ne suka fara iske kabarin ba kowa: mata ne, Maryamu Magadaliya tana kan gaba. A wancan zamani ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi, har a ƙarni na biyu wani masani mai adawa da Kiristanci, Kelsus, ya mai da wannan abin ba'a. Wanda ya zauna ya ƙaga labari don a gaskata shi ba zai zaɓi shaidun da ya san za a raina ba. A duba kuma abin da shaidun suka samu. Hirudus Agaribas ya sa aka kashe Yakubu ɗan Zabadi da takobi. Yakubu ɗan'uwan Ubangiji, wanda a da bai gaskata da shi ba, an jejjefe shi a Urushalima a shekara ta 62, kamar yadda Yosifus, marubucin tarihi Bayahude wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta. Gaskiya ne mutane kan mutu saboda ƙaryar da suka ɗauka gaskiya ce. Amma waɗannan su ne suke da halin sanin ko sun gani ko ba su gani ba. Ga kuma Yahudawa waɗanda kakanninsu suka kiyaye Asabar da ransu, suka soma taruwa ranar Lahadi. Tarihi ba ya tilasta wa kowa bangaskiya, amma wanda ya ƙi tashin sai ya kawo wani dalili da ya isa ya bayyana wannan juyi.

Abin da ya haɗa tashin mutum ɗaya da makomar sauran masu bi shi ne abin da Bulus ya kira nunan fari. Manomi a ƙasarmu ya fahimci wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ranar da aka karyo tumun farko aka gasa, rumbu yana nan wayam, yunwar damina ba ta sake shi ba, amma ya san gonar ta yi, don tumun daga cikinta ya fito. Haka tashin Yesu yake ga waɗanda suke nasa. Kuma da jiki ya tashi, har almajiran suka ga tabon ƙusoshi, ya ci abinci a gabansu. Saboda haka farin cikin da ake alkawari na mutum ne ɗungurungum, jiki da rai, a sabuwar halitta. Maƙiyan ikilisiya ta farko ma sun gane haka. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yau, bayan an kashe masu bi an ƙone gawawwakinsu an watsa tokar a kogin Ron, da nufin a yanke musu begen tashi. Sun san inda begen yake, abin da ba su sani ba shi ne wanda ya halicci jiki daga turɓaya ba zai rasa yadda zai tattara toka ba. Wannan magana tana da amfani a yau ga iyalai a Borno da Adamawa da Filato da kudancin Kaduna waɗanda rikici ya hana su ganin gawar nasu, balle su binne.

Ƙorafi na biyu shi ne wanda ya fi kusa da mu. Maƙwabtanmu Musulmi sun gaskata da tashin ƙiyama da ranar hisabi, kuma da yawansu kan ji nauyin a ce mutum ya san makomarsa tun yana duniya, suna ganin hukuncin na Allah ne shi kaɗai. A cikin masu bi ma akwai waɗanda suke jin wannan nauyi. Akwai tsoron Allah a cikin wannan tunani, kuma bai kamata a yi masa amsar raini ba. Da a ce tabbacin a kan aikin mutum ya tsaya, da lalle girman kai ne, don babu wanda zai auna kansa ya ce ya cika mudu. Amma koyarwar Kirista ita ce ceto kyauta ne ta wurin alheri, Almasihu ya ɗauki hukuncin, tashinsa kuma shi ne shaidar cewa Allah ya karɓi hadayar. Mai bi da ya ce yana da tabbaci yana yabon amincin wanda ya yi alkawarin ne. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ba shi da aikin kirki ko ɗaya da zai nuna, ba shi da sauran kwanakin da zai gyara halinsa, duk da haka aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba mai wa'azi ya cika jana'iza da lissafin zakkar da mamacin ya bayar da kwamitocin da ya shugabanta, kamar su ne takardar shigarsa. Yin haka yana kwashe tabbacin daga inda yake da ƙarfi, ya kuma bar matalauci da mai raunin bangaskiya cikin fargaba.

Akwai kuma masu cewa begen lahira yana sa talaka ya kwanta ya haƙura da zalunci, ra'ayin da aka fi dangantawa da Karl Marx. Ba za a musa ba cewa an sha amfani da wa'azin sama don a rufe bakin wanda aka cuta. Sai dai koyarwar tashin jiki tana jan mutum ne zuwa wani gefen dabam. In Allah zai ta da jikin nan, to jikin mai kuturta da na yaron da yunwa ta kama suna da daraja tun yanzu. Lokacin annobar da ta afka wa Kartaj wajen shekara ta 252, Bishop Sifiriyan ya umarci masu bi su yi jinyar marasa lafiya, har da waɗanda ba nasu ba. Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka iso Legas tare da Rowland Bingham a 1893, duka biyun sun mutu a 1894, amma aikin bisharar da suka zo yi bai tsaya ba, daga cikinsa ne ikilisiyar ECWA ta fito, da asibitin Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950. Wanda mutuwa ta daina yi wa barazana ya fi kowa wuyar tsoratarwa, azzalumi kuwa da tsoro yake mulki.

Saura batun kuka. Wasu masu bi, da kyakkyawar niyya, kan hana gwauruwa ko maraya hawaye a zaman makoki, suna cewa rashin bangaskiya ne. Wannan bai yi daidai da Littafi Mai Tsarki ba. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai ta da shi a ranar. Bulus ya kira mutuwa maƙiyi, ya ce ita ce ta ƙarshe da za a hallaka, wato har yanzu tana cizo. Abin da ya nema daga Tasalonikawa shi ne baƙin cikinsu ya bambanta da na wanda ba shi da bege, bai ce su daina ba. Don haka mai zuwa ta'aziyya ya bar mai makoki ya zubar da hawayensa, ya zauna tare da shi, ya duba ko akwai hatsi a gidan da kuɗin makarantar yara, sannan in lokacin magana ya yi, ya yi masa maganar kabarin Almasihu.