Kokawa Gadonmu Ce



Tun kafin yaranmu su san 'yan kokawar Amurka a talabijin, ƙasar Hausa tana da nata zakarun. A da, a garin Ƙofa da ƙauyukan Kankiya da Kusada, kaka ce lokacin wasa. Da an kai gero rumbu, samari sukan ɗaura bante da guraye, su bi makaɗa gari-gari neman abokin karawa. Mutum ya shiga fili, ya yi kirari, ya duƙa ya shafa ƙasa a tafin hannu, sannan a sarƙe. Wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe jiki, ba gaba ba riƙo.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗaukaka wannan gado. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, kuma Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin da ake ba zakaran gasar. Yau filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Daga baya Isaka Isaka na Doso ya ci takobin har sau shida.

Mu kuwa namu gwanayen suna tsufa, sunayensu na bin iska. Muna kira ga hakimai da ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su farfaɗo da gasar kaka, su karrama tsofaffin 'yan kokawa tun suna raye, a kuma rubuta tarihinsu domin 'yan baya.