Ƙwayar Maƙoƙo da Hurar Safe: Jawabin da Aka Yi a Taron Ƙungiya

 

Maganarmu ta yau kan ƴar ƙwayar nan ce da ake ba masu ciwon tiroyid, watau halittar da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke ce da ita maƙoƙo. Sunan maganin lebotiroksin, amma a farmasi an fi saninsa da Levothyrox. Ana ba wanda tiroyid ɗinsa ya gaza aiki, da wanda aka yi wa tiyata aka cire masa shi, galibi kuwa shansa har iyakar rai ne.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, wata ƴar'uwarmu ce da aka yi wa tiyata a Yamai. Ba ta taɓa fashin magani ba, amma kasala da jin sanyi ba su sake ta ba. Sanyi a Arlit! Aka ƙara mata awo, aka sake ƙarawa, maigidanta ya yi ta kashe kuɗin mota, tafiyar kilomita wajen 1,200. Daga baya lokotoro ya tambaye ta da me take haɗiye ƙwayar. Ashe da hura da nono take korawa kowace safiya.

To jama'a, ga yadda abin yake. Maganin a cikin ƙaramin hanji yake shiga jini. Ko ciki babu komai, kashi 60 zuwa 80 cikin 100 ne ke shiga. In ya tarar da abinci sai ya ƙara raguwa, awonsa kuwa da ma mikirogiram ne, kamar 50 ko 100, abin da ido ba ya gani. Saboda haka a sha shi da ruwa zalla da an farka, kana a dakata minti 30, in da hali awa 1, kafin a karya kumallo. Nono da madara da cuku suna da kalsiyom, shi kuwa yana kama maganin ya hana shi wucewa. Kafe ma haka, likitocin Italiya sun nuna wannan a 2008. Shayinmu shi ma ya jira. Mun san wannan shi ne mai wuyar, domin akwai wanda in bai ji kofin fari ba bai san gari ya waye ba.

Mata masu ciki, ku saurara da kyau. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ku wurin awon ciki tana da ƙarfe, ƙarfe kuwa ya fi nono kama wannan magani. Kada ku bar ko ɗaya, dukansu kuna bukata, amma ku sa awa 4 tsakaninsu, na maƙoƙo da asuba, na jini da rana ko da dare. Maganin ƙwannafi da ƙwayar kalsiyom su ma awa 4. Da kin san kina da ciki ki sanar da lokotoro, domin sau da yawa sai an ƙara awon.

Sai maganar masu aikin dare. Tun da SOMAIR ta fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978 har aka rufe ta a 2021, garin nan ya saba da mutanen da safiyarsu azahar ce. Har yau akwai masu gadi da direbobi a cikinmu. Maganin bai san agogo ba, ciki wofi yake nema. Wanda safiya ba ta yi masa ba, ya iya shansa lokacin kwanciya, muddin awa 3 zuwa 4 sun wuce bayan cin abinci. Ya zaɓi hanya ɗaya ya riƙe ta kullum. Da azumi kuwa a tashi da wuri a sha, a jira minti 30 zuwa awa 1 sannan a yi sahur, ko kuma a bari sai tuwon buɗa-baki ya narke a sha kafin barci.

Akwai gargaɗi ɗaya. Wanda ya shekara yana sha da hura, aka ƙara masa awo saboda haka, ran da ya koma sha da ruwa zalla awon nan yana iya yi masa yawa. Zai ji bugun zuciya, da gumi, da rawar hannu, da rashin barci. Kada ya rage da kansa. Ya gaya wa lokotoro ya canza lokacin sha, a auna jininsa, awon da ake kira TSH, bayan mako 6 zuwa 8, domin jiki ba ya nuna canjin kafin nan.

Zafi yana lalata ƙwayar, namu kuwa yana haura digiri 40. A bar ta cikin takardarta, a ajiye a ɗaki mafi sanyi, ban da aljihun mota da bakin taga.

Wanda ya zo da takardar maganinsa ya tsaya bayan addu'a, mu zauna mu tsara lokutan tare kafin ya kai wa lokotoronsa.