Mafaɗar Ruwan Koudou: Kowa Ya Bar Daji, Wani Zai Shige Shi

Jawabin da wani tsohon ma'aikacin gandun daji ya gabatar a garin Gaya, a gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

 

Batun yau wata mafaɗar ruwa ce, wato wurin da kogi ke zubowa daga kan dutse, abin da wasu Hausawa ke kira matsirga. Sunanta Koudou, kamar yadda ake rubuta shi a taswira da rubutun Faransanci. Tana kan kogin Mekuru, a cikin gandun dajin W, ɓangaren ƙasar Benin, dab da iyakar Burkina Faso. Lokacin da hanya ke buɗe, wanda ya tashi daga Gaya da asuba a mota yakan isa can kafin dare. Duk da wannan kusanci, da za a bi kasuwar Gaya rumfa-rumfa ana tambaya, kaɗan ne za su ce sun taɓa ganin ta. Da yawa ma ba su ji sunanta ba sai a watan Afrilun 2025, a rediyo, cikin labarin mutuwa.

Kogin da dajin

Kogin Mekuru yana tasowa ne daga duwatsun Atakora a arewa maso yammacin Benin. Yakan yi tafiyar kilomita kimanin 400, ya raba Benin da Burkina Faso, sa'an nan ya raba Benin da Nijar, kafin ya faɗa cikin kogin Isa a wajen Bumba. Ruwan da ya zubo a Koudou ke nan shi ne ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Gaya bayan ƴan kwanaki. Idan ba a manta ba, sunan wannan kogi ya fito a hukuncin da kotun duniya ta birnin La Haye ta yanke ranar 12 ga Yulin 2005, wanda ya ba Nijar tsibirin Lete, ya kuma ce iyakar ƙasashen biyu a Mekuru ita ce tsakiyar ruwa.

Shi kuwa dajin, ya samo sunansa daga lanƙwasar da kogin Isa ya yi a can, mai kama da harafin W na boko. Turawan mulkin mallaka suka mai da shi gandun namun daji na ƙasa a 1954. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000 a ƙasashe uku, rabon Nijar 2,200. Hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 kuma aka faɗaɗa wannan matsayi ya haɗa da gandayen Arli da Panjari. A cikinsa akwai giwa, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da dorina, da kada, da sauran zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma.

Yadda ake zuwa

Mafi yawan ƴan yawon buɗe ido da ke shiga arewacin Benin sukan nufi mafaɗar Tanugu, kusa da Tangiyeta, ko ta Kota, kusa da Natitingu. Can mota na ajiye mutum kusa da ruwa, akwai masu sayar da abinci, akwai samari masu tsalle daga kan dutse don a ba su kyauta. Koudou ba haka take ba. Ba ta kuma da tsawon Farin Ruwa ta jihar Nasarawa a Najeriya. Darajarta tana ga wahalar isa gare ta da kuma shirun da ke kewaye da ita.

Lokacin da hanya ke buɗe, matafiyi daga Gaya yakan ƙetare gada zuwa Malanbil, ya bi kwalta kilomita kimanin 100 zuwa Kandi, ya karkata yamma zuwa Banikwara, daga nan sai ƙofar gandu ta Keremu. A da, a ƙofar ake biyan kuɗin shiga a ɗauki ɗan jagora, domin doka ba ta yarda baƙo ya yi yawo shi kaɗai ba. Daga nan kwalta ta ƙare, sai turbar ƙasa da marmara. Inda mota ta tsaya, ƙafa ke ɗauka.

Tafiyar ƙafa a irin wannan daji tana da ƙa'idodinta. Ana tashi da sanyin safiya, a jere, ɗan jagora a gaba. Ba a ɗaga murya. Ana lura da inda iska ke kaɗawa, saboda giwa da ɓauna hancinsu ya fi idonsu aiki. Ɗan jagora ya ga kashin giwa, sai ya duba ko ɗanye ne ko busasshe, daga nan ya san ko a miƙe ko a kauce. Ba a sa baƙin tufafi ko shuɗi, don su ne ke jawo ƙudan tsando. Ana riƙe ruwan sha isasshe, ko da kogi ake nufa. Da an kusa, sai itatuwa su canza: a bar kaɗanya da taura da doguwar ciyawa, a shiga inuwar kanya da tsamiya da manyan itatuwan bakin ruwa. Kunne ke fara isa kafin ido, domin rugugin ruwan na riga ganinsa. Wanda zafi ya dame shi ba ya faɗawa ruwa sai da izinin ɗan jagora, don gurbin da ya fi kwanciya shi ne gidan kada.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Ruwa ya fi ƙarfi a ƙarshen damina, amma a sa'an nan turba ta lalace, ciyawa ta fi mutum tsawo. Saboda haka a da akan buɗe gandun ne wajen watan Disamba, bayan ma'aikata sun yi ƙunar farko, har zuwa Mayu. Mai son ganin ruwa ya yi sammako a farkon rani, cikin hunturu. Mai son ganin namun daji ya jira bazara, lokacin da kogi ya tsinke ya zama gurabe, dabbobi suka taru a bakinsu.

Dalilin shirun

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa wuri mai ruwa da ƙasa mai kyau ya zama babu kowa? Dajin bai kasance kango tun asali ba. A kwarin Mekuru akwai tarin kukoki da ke nuna kufan garuruwa, akwai kuma burbushin matoyar tama, inda maƙeran dā suka narka ƙarfe. Ta gefensa fataken goro suka riƙa wucewa, su ƙetare kogin Isa, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja, da ƙafa da jakuna, madugu na gaba. Harshen Dendi da ake ji a kasuwannin Kandi da Jugu da Paraku shaida ne na wannan zirga-zirga.

Abu biyu suka rage mutane a wurin. Na farko cuta. Tsando na kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga dabba. Akwai kuma wani ɗan baƙin ƙuda da ke yin ƙwai a ruwa mai gudu kan duwatsu, irin na mafaɗa, wanda cizonsa ke jawo makanta. Sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi yaƙi da shi daga 1974 zuwa 2002, kuma a watan Janairun 2025 ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da wannan cuta. Na biyu doka. Da aka shata gandu, an tashi mazauna, an hana farauta da kiwo da su da saran itace. Manomi da makiyayi da maharbi, waɗanda suka san kowane kwazazzabo, suka zama ɓarayi a idon hukuma idan suka shiga. Wanda ke da izini shi ne baƙo mai kuɗin ƙofa. Shirin ECOPAS na Tarayyar Turai, daga 2001 zuwa 2008, ya gyara turbobi da masaukai, ya kuma yi ƙoƙarin jawo ƙauyukan gefe cikin aikin. A ƙarshen 2019 kuma gwamnatin Benin ta hana makiyayan ƙetare shigowa ƙasarta da dabbobi, abin da ya taɓa Fulanin yankin Doso kai tsaye.

Wanda ya shiga

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shirun nan da baƙo ke biyan kuɗi don ya ji, shi ne abin da mai ɗauke da bindiga ke nema kyauta. Ranar 1 ga Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun Panjari, aka kashe ɗan jagoransu, Fiacre Gbédji. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum 8 a Kure, wurin raƙuman dawa, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, direba da ɗan jagora. A lura da kyau: duk inda aka taɓa baƙo, ɗan ƙasa mai neman abincinsa na cikin waɗanda suka faɗi.

A 2020 Benin ta damƙa kula da ɓangarenta na W ga ƙungiyar African Parks. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyi da kwanton ɓauna suka kashe mutum 9 a cikin gandun. A wannan shekara Benin ta kafa rundunar Mirador don tsaron arewacinta. Ranar 8 ga Janairun 2025 aka kashe sojoji 28 a wurin da iyakokin ƙasashen uku suka haɗu. Ranar 17 ga Afrilun 2025 aka sake kai hari a can da kuma sansanin soja na mafaɗar Koudou, gwamnatin Benin ta ce sojoji 54 suka rasu, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta ɗauki alhaki. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu. Wurin da aka yi wa masauki don baƙi ya koma fagen fama.

A daidai lokacin da ake bukatar maƙwabta su haɗa kai, sai ga gada a rufe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka toshe hanyar Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro, haka aka ci gaba har cikin 2025. Ƴan kasuwar da ke zaune a nan sun fi kowa sanin abin da ya biyo baya: kayan Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, fasinja ya koma kwalekwale, farashi ya hau. Gadoji biyu, ta 1958 da ta ƙarshen shekarun 1980, suka tsaya ana kallon su. Giwa dai ba ta san iyaka ba, ɗan bindiga ma bai nemi biza ba. Talaka da ma'aikacin gandu su ne iyaka ta tsare.

Abin da ya rage ga Gaya

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ce a tafi Koudou. Muddin hukumomi ba su ba da tabbacin tsaro ba, zuwa can ganganci ne. Amma akwai aikin da ba ya jiran buɗe gada.

Da farko a fara da na gida. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Ga gandun Goru Basunga a bakin gari, ga giginyun Dallol Mawri, ga gishirin Foga, ga fadamar Albarkaize da tsuntsayenta, ga ƙoramun da ke gangarowa daga tuddai da damina. Malamin makaranta da ya fitar da ɗalibansa da ƙafa zuwa irin waɗannan wurare, da sanin hukuma, ya koya musu sunan itace da sawun dabba, ya yi wa ƙasa aikin tsaro. Daji mai masu zuwa kullum, baƙon fuska ba ya ɓuya a cikinsa.

Sa'an nan a daraja masu sanin daji. Maharbi, da makiyayi, da Sarkawa masu su, su ne taswirar da ba a buga a takarda ba. Idan aka ba su horo da takardar shaida da lada mai kyau a matsayin ƴan jagora, za su zama idon hukuma. Idan aka ci gaba da bin su da tara da kwace, wani zai zo ya yi musu alkawarin buɗe dajin, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ma'aikacin da ke karɓar na goro a hannun mai saran itace, ya kama mai ɗiban ganyen magani, ya sani yana tsaga bangon ne da hannunsa.

Haka kuma, duk ranar da aka koma karɓar kuɗin ƙofa, a ware kason ƙauyukan gefen gandu a fili, a rubuta, a karanta wa jama'a nawa ya shigo da inda ya tafi. Wanda ya ga rijiya ko aji daga kuɗin giwa ba zai so a kashe giwa ba. Ƴan kasuwa kuma su shirya tun yanzu: masauki, mota, abinci, kwalekwale, duk sana'o'i ne da bai kamata a bar wa kamfanonin Yamai da Kwatano su kaɗai ba.

Daga ƙarshe, kira ga mahukuntan Yamai da na Benin da na Burkina Faso. Kotu ta raba kogin Mekuru a tsakiya, amma dajin guda ne, cutar da ta shige shi ma guda ce. Ma'aikatan gandu na ƙasashen uku sun taɓa yin sintiri tare, suna musayar labari. Abin da aka taɓa yi ana iya sake yin sa, kuma mutanen bakin iyaka suna da haƙƙin tambayar yaushe.

Allah ya zaunar da ƙasashen nan lafiya, ya ba shugabanni basirar gane gaskiya da ƙarfin bin ta, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.