Rajistar Dattawa: Tsakanin Waya da Ƙafa



Dukkanmu mun san amfanin rajista. Idan yaro ya kwana uku bai amsa suna ba, mukan aika gida a ji ko lafiya. A yau masana suna son wayar hannu ta riƙe wa dattawa irin wannan rajista.

Babbar waya tana karɓar saƙo daga tauraron ɗan Adam, don haka ta san inda mai ita yake. A shekarar 2015, masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun gano cewa masu alamun ciwon damuwa sun fi zaman gida, wuraren da suke zuwa kaɗan ne, fitarsu kuma ba ta da tsayayyen lokaci. Yanzu ana gwada wannan awo a kan tsofaffi, ko zai nuna farkon cutar mantuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun mutane sama da miliyan 55.

Mu 'yan cikin badala mun daɗe da sanin wannan awo. Dattijon da ya saba zuwa Kasuwar Kurmi, ya biya majalisa, ya je gaisuwa Ƙofar Mata, idan ya koma daga zaure sai masallaci, maƙwabta ke fara lura. Amma 'ya'ya sun tashi zuwa Hotoro da Rijiyar Zaki, idon da ke lura ya ragu. Nan waya za ta iya taimakawa, a kai shi asibiti da wuri, maimakon a ce gigin tsufa ne kawai.

Sai dai mu yi hattara. Yawancin iyayenmu ƙaramar waya suke riƙewa, sukan kuma bar ta a gida. Gwaggon da ba ta fita, alhali ɗakinta cike yake da jikoki, waya za ta ɗauke ta mai kaɗaici. Sannan sawun mutum sirrinsa ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tsare wannan haƙƙi, tarbiyyarmu ma ba ta yarda a bibiyi uba a ɓoye ba. A nemi izininsa tukuna.

Shawararmu ga reshe ita ce kowace makaranta ta rubuta sunayen tsofaffin malamanta, a riƙa leƙa su duk wata. Waya za ta faɗi cewa Malam bai fita ba. Dalilin kuwa, sai wanda ya yi sallama ya zauna zai ji shi. Zumunci a ƙafa yake.