Uhudu: Ƙauyen Gindin Dutse da Mazaunansa na Farko

Duk alhajin da ya je ziyara Madina, da wuya ya koma gida bai taka Uhudu ba. Amma galibin maziyarta labarin yini ɗaya tak suka sani game da wurin, watau ranar yaƙi. Alhali kuwa tun kafin wannan rana akwai mutane a wannan fili suna noma, bayanta kuma an ci gaba da zama har yau.

Dutsen Uhudu yana arewa da Masallacin Annabi, nisan kamar kilomita 5. Dutse ne ja, tsawonsa wajen kilomita 7. A gindinsa akwai kwari da ake kira Wadi Ƙanat, wanda kan cika da ruwa in an yi ruwan sama a kan tuddai. Ko da kwarin ya bushe, danshi kan saura a ƙarƙashin ƙasa, mai haƙa rijiya ba ya shan wuya ƙwarai. Wannan ruwa shi ya jawo mutane.

A zamanin da, Madina, wadda ake kira Yasriba, ba gari ɗaya ba ce mai ganuwa kamar Kano ko Katsina. Ƙauyuka ne barkatai a tsakanin gonakin dabino, kowace zuriya da rijiyarta da ɗan sansaninta na dutse inda takan fake in an kawo hari. Akwai kabilun Yahudawa, sa'an nan ga Ausu da Hazraju waɗanda suka yiwo ƙaura daga Yaman. Daga cikin Ausu, Banu Harisa ne ke zaune ta wajen hanyar Uhudu, ta cikin gonakinsu kuma rundunar Musulmi ta ratsa ta isa gindin dutsen.

A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, daidai da 625 Miladiyya, Ƙuraishawa su 3,000 suka sauka kusa da Uhudu, suka saki raƙuma da dawaki cikin shukar mutanen Madina. Ga manomi kuwa babu abin da ya fi wannan ciwo, yana cikin dalilan da suka sa wasu suka matsa a fita a tare abokan gaba a fili. Musulmi 700 ne suka tsaya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora maharba 50 a kan wani ɗan tudu. Da yawancinsu suka sauka kafin lokaci, sai yaƙi ya juya. Kimanin Sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu, aka binne su nan inda suka faɗi.

Daga nan filin ya zama gona da maƙabarta gaba ɗaya, wani lokaci kuma su biyun kan ci karo. Masu tarihi sun rawaito cewa a zamanin Mu'awiya an janyo ruwa ta wannan wuri, magudanar ta bi ta kan wasu kaburbura, har aka kira dangi su zo su matsar da mamatansu. A shekarar 590 ta Hijira mahaifiyar Halifa Nasir na Bagadaza ta sa aka gina ƙubba a kan kabarin Hamza. Sannu a hankali gidaje suka taso kewaye da ita, har bisa tudun maharba. Mutanen Madina kan fito da iyalansu cikin watan Rajab su kwana a nan, 'yan kasuwa su baje kaya, in an watse ƙauyen ya koma shiru. Bayan Madina ta shiga hannun Sarki Abdul'aziz a ƙarshen 1925, aka rushe ƙubbar, wannan al'ada kuma ta mutu.

Mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda Larabawa ke kira Takari, suna cikin baƙin da Madina ta karɓa a ƙarnin da ya shige. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, jama'a da yawa suka nausa gabas a ƙasa. Wasu suka tsaya a Sudan suka kafa garin Mai Wurno, wasu suka ƙetare Bahar Maliya. Cikinsu akwai Alfa Hashimu, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Madina yana karantarwa, ya zama uba ga baƙin Hausawa da Fulani har rasuwarsa a 1931. Jikokin waɗannan matafiya yanzu 'yan ƙasa ne, wasunsu ba su taɓa ganin Sakkwato ba.

Yau birni ya haɗiye ƙauyen. Wurin ya zama unguwa mai suna Sayyidush Shuhada, da kwalta da manyan motocin alhazai, da wani babban masallaci da aka buɗe a 2017. An kwashe gidajen da ke kan tudun maharba, tudun kansa kuma ya zaizaye saboda ambaliya da sawun dubban mutane. Gonakin dabino suna ta raguwa gaban magina.

An kewaye kaburburan shahidai an tsare su, wannan kuwa ya dace. Amma rijiyoyi da gonaki da kufan Banu Harisa ba su da mai gadi. Da ba don malamai irin su Samhudi ba, wanda ya bi Madina lungu-lungu ya rubuta wa ya zauna ina kafin rasuwarsa a 911 ta Hijira, da sunayensu ma sun ɓace. Kowane gari a ƙasar Hausa yana da irin waɗannan kufai, da tsofaffin da suka san masu su. Tun ran gini ran zane: a rubuta tun suna da rai.