A BA MASU SARAN ITATUWA FILI

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan uwa mazauna Sabo.

Kun sani nan Ibadan tun watan Maris hadari ke fara tasowa da iska. Shi ya sa ma'aikata ke sassare rassan da suka hau wayar lantarki a bakin titi. To don Allah, in kun ga an ja igiya ko an kafa jan ƙyalle, a dakata.

Mai riƙe da injin yanka ba ya jin kiranka, ƙara ta cika masa kunne. Reshe kuwa in ya faɗo, tsalle yake yi. In itacen za a kayar gaba ɗaya, ƙa'ida a ja baya ninki biyu na tsawonsa. Bara a idona reshen mangwaro ya murƙushe baron albasa, da ƙyar yaron ya sha.

Direbobi da 'yan acaɓa, ku kewaya, ba a makara. Iyaye mata, kar a tura yara tsintar icce sai an tashi aiki. Wayar da ta faɗo, kar wanda ya taɓa. Kutsawa ganganci ne, ba tawakkali ba.

Allah Ya kiyaye mu. Wassalam.