ALƘAWARI KAYA NE: TALLAR MOTA MAI LANTARKI DA KUƊIN TALAKA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan uwa masanin harkar kasuwanci ya gabatar kan yadda kamfanonin mota mai aiki da lantarki ke saɓa farashin da suka yi talla da shi.

Mai jawabin ya fara ne da kamfanin Tesla na Amurka. Ya ce a watan Maris 2016 shugaban kamfanin, Elon Musk, ya yi shelar motar Model 3 a kan Dala 35,000. Cikin mako guda mutane sama da 325,000 suka yi rajista, kowa da kafin alƙalami na Dala 1,000. Amma da aka fara miƙa motar a 2017, sai masu tsada aka fitar. Musk da kansa ya faɗi a 2018 cewa fitar da mai rahusar nan take zai durƙusar da kamfanin.

Sai a ƙarshen Fabrairu 2019 ta Dala 35,000 ta fito. Kafin nan kuwa rangwamen harajin gwamnati na Dala 7,500 ya koma rabi ga masu sayen Tesla. "To, 'yan uwa, wa ya yi asara?" in ji shi. "Mai ƙaramin ƙarfi da ya yi haƙurin kusan shekaru uku."

Ya ci gaba da cewa haka aka sake yi da Cybertruck. An yi tallarta a 2019 a kan Dala 39,900, amma da ta fito a 2023 mafi araha da aka ambata Dala 60,990 ce. Ita ma Ford ta sa F-150 Lightning a kusan Dala 40,000 a 2021, kafin ƙarshen 2022 ta haura 55,000.

Ya yarda cewa kayan haɗa batir sun yi tsada a 2022. Sai dai ya tambaya: wanda bai mallaki farashin gobe ba, don me zai karɓi kuɗin mutane a kansa yau?

Daga ƙarshe ya shawarci mai saye da kada ya ɗauki talla a matsayin yarjejeniya, ya nemi farashi da ranar karɓar kaya a rubuce kafin ya zare ko sisi. Ga ɗan kasuwa kuwa, ya ce a bar ɗaukar kayan da wuya ba zai iya ba.